Citta na ruɓewa a gona duk da feshi: ina matsalar take?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni manomin citta ne a yankin Kachia. A annobar 2023 na yi asarar gonata gaba ɗaya. Bara na daure na sake shuka rabin wannan gonar da irin da na saya a kasuwa. Na yi feshin magani har sau huɗu, amma da marka ta kankama sai ganye ya fara rawaya daga ƙasa, in na ja kara sai ya tsinke a hannuna, cittar kuma ta yi laushi tana wari. Da ƙyar na tsira da 'yan buhuna. Wane magani ne ya fi ƙarfi in saya? Zan iya shuka abin da na tsira da shi? Ko in haƙura in koma noman kurkum a wurin?"

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Wanda bai taɓa zuba kuɗin iri da na ƙwadago a gonar citta ba, ba zai san nauyin abin da ka faɗa ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne. A daminar 2023 cutar ta share gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu a kudancin jihar Kaduna, ta taɓa wasu sassan Nasarawa, Filato da Abuja, har gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar a sama da naira biliyan 12, ta kuma kafa kwamiti na musamman a kan lamarin.

Tambayoyi uku ka yi: magani, iri, da kurkum. A wurina dukansu suna komawa ga tambaya guda, wato a ina cutar take kwana kafin ka gan ta a ganye? Amsar ita ce a cikin irin da ka binne, da cikin ƙasar da ka binne shi, ruwa kuma shi ne mai kai ta daga gindi zuwa gindi. Don haka tun kafin in yi nisa ga matsayina: babu maganin feshi da zai cece ka in ka koma wannan filin da wannan irin. Kada ka shuka abin da ka tsira da shi. Kurkum kuma a wannan wurin gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ga dalilaina.

Abin da muke kira "cutar citta" ba abu ɗaya ba ne

A bakin manoma suna ɗaya ne, amma in aka kai cittar ɗakin bincike, akwai masu laifi aƙalla huɗu, kuma kowanne da halinsa.

Na farko shi ne wanda bayaninka ya fi kama da shi, ruɓewa mai laushi. Wata ƙwayar halitta ce mai kama da fumfuna, masana na kiran ta Pythium, take jawo ta. Mun saba lissafa ta cikin dangin fungas, wato fumfuna, amma a haƙiƙa 'yar ruwa ce: 'ya'yanta suna da ɗan wutsiya da suke iyo da shi a cikin ruwan da ya kwanta tsakanin ƙasa, har su isa gindin shuka. Shi ya sa take jiran marka. Ƙasa ta yi ɗumi, ta jiƙe sharkaf, iska ba ta shiga, nan take samun yadda take so. Tana fara cin gindin kara daidai inda ya haɗu da cittar, wurin ya yi ruwa-ruwa kamar an dafa shi. Ganyen ƙasa su fara rawaya daga baki, rawayar ta bi gefe ta haura sama. In ka ja karan, ba ya gardama, sai ya zare. Warin da ka ji kuwa yawanci na baya ne, bayan ta buɗe ƙofa wasu ƙwayoyin sun shigo sun ƙarasa aikin. Idan abinci ya ƙare, sai ta yi wasu 'ya'ya masu kaurin ɓawo su kwanta a ƙasa, rani ba ya kashe su, suna iya yin shekaru suna jira.

Na biyu fungas ne na ainihi, Fusarium, kuma akwai nau'insa da ya keɓanta da citta. Shi ba ya gaggawa. Shuka ta yi ta rawaya a hankali, ta tsumbure, ta bushe a tsaye, karan bai cika zarewa da sauƙi ba. In ka tsaga cittar za ka ga hanyoyin ruwan da ke ciki sun yi ruwan ƙasa, daga baya ta motse ta bushe, sai zare-zare ya rage. Shi ne kuma yake bin iri har ma'ajiya, ka adana buhu goma ka buɗe a bazara ka tarar da rabi ya zama ƙwanso. Shi ma yana daɗewa a ƙasa.

Na uku ba fumfuna ba ce ko kaɗan, bakteriya ce mai suna Ralstonia, kuma dole in ambace ta domin ita ce aka fi rikitawa da sauran, a yi ta ɓarnar kuɗi a kan maganin da ba ya taɓa ta. Alamarta ita ce shuka ta yi yaushi ganye na kore, ya lanƙwashe ƙasa kamar mai jin ƙishi alhali ƙasa a jiƙe take, bayan kwanaki kaɗan ya koma rawaya. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a bakin gona. Ka yanko gindin karan da ke ciwo, ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, ka bar shi kada ka motsa. In bakteriya ce, cikin 'yan mintuna za ka ga wani farin abu yana zubowa daga yankan kamar hayaƙi ko zaren madara. In ruwan ya tsaya garau, ka fi karkata ga na farko ko na biyu. Ban cika fita gona ba tare da kofin nan da wuƙa a jaka ba.

Na huɗu shi ne ɗigon ganye, wanda fungas mai suna Phyllosticta ke jawowa. Ɗigo ne ƙanana masu farin tsakiya kamar takarda, da baƙin gefe, da zoben rawaya a kewaye. Yayyafin ruwan sama ke watsa shi daga ganye zuwa ganye, kuma ya fi tsanani a gonar da ke fili fetal ba inuwa. Yana rage yabanya, in ya yi yawa ganye ya ƙone, amma ba shi ke narkar da citta a ƙasa ba. A cikin huɗun nan shi kaɗai ne feshin ganye yake yi wa aiki sosai.

Bayan waɗannan akwai wata ƙaramar tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, nematod, wadda ke huda jijiyoyi. Ita kanta ba ta cika kashe citta ba, amma raunin da ta yi shi ne ƙofar da Pythium da Fusarium suke bi. A gona ɗaya kuma ana iya samun biyu ko uku daga cikinsu suna aiki tare.

Dalilin da feshi huɗu bai hana komai ba

Ka tuna inda ciwon yake, a ƙarƙashin ƙasa, kai kuma a sama ka zuba maganin. Mankozeb, wanda shi ne aka fi samu a shagunanmu, magani ne na kariya, yana zama a saman abin da ya taɓa, ba ya shiga cikin shuka, ruwan sama kuma yana wanke shi. Metalaksil, wanda ke cikin magunguna irin su Ridomil Gold, shi yana shiga jikin shuka, amma tafiyarsa daga jijiya zuwa sama ce, yana bin ruwan da shuka ke ja. In ka fesa shi a ganye, kaɗan ne ƙwarai zai gangara inda ake buƙatarsa. Rawayar da ka gani a watan Agusta labari ne na abin da ya riga ya faru a ƙasa makonni kafin nan, feshin da ya biyo baya ihu ne bayan hari.

Akwai kuma batun dacewa. Metalaksil yana kashe Pythium, amma ba ruwansa da Fusarium. Kabendazim yana taɓa Fusarium, amma Pythium ba ta ma san an zuba shi ba. Bakteriya kuwa duk cikinsu babu mai kashe ta. To ka ga tambayar "wanne ya fi ƙarfi" ba ta da amsa sai an san da wa ake faɗa. Na sha tarar da manomi ya haɗa magunguna uku a injin feshi ɗaya, ya ninka awo, domin mai shago ya ce masa haka ake yi. Abin yana ci mini rai, don kuɗin da ya tafi a nan da ya isa a yi magudanar ruwa a gonar duka. Kuma yawan maimaita metalaksil shi kaɗai yana sa ƙwayar cutar ta saba da shi ta daina jin sa, dalilin da ya sa kamfanoni ke haɗa shi da wani maganin ke nan.

Maganar iri

Nan ne zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne rabin yaƙin yake. Masara da dawa ƙwaya muke shukawa. Citta kuwa jikinta muke gutsurowa mu binne, duk abin da uwar take ɗauke da shi 'yar ta gada. Ƙari a kan haka, kusan duk abin da muke nomawa nau'i biyu ne, Tafin Giwa da Yatsun Biri, kuma tunda ba ta ƙwaya ake haifar su ba, gonar Tafin Giwa a Kwoi da ta Kachia kamar shuka ɗaya ce aka yayyanka. Cutar da ta iya kayar da gindi ɗaya ta iya kayar da duka. Wannan na cikin abin da ya sa annobar ta yi gudu haka.

Cittar da ka tsira da ita ta fito daga gonar da cuta ta ci. Ko da ka duba ka ga fatarta lafiya, ƙwayar cutar na iya kasancewa a cikin ƙasar da ta manne mata, ko a ƙarƙashin ɓawo, ko a cikin hanyoyin ruwanta. Ka ware masu kyau ka sayar ko ka busar, ka ƙara da kuɗin ka nemi iri. Na san abin da nake cewa yana da ciwo, don iri ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin noman citta, kuma tun bayan 2023 ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Amma shuka shi na nufin ka sake biyan kuɗin huɗa, taki, ciyawar rufi da noma a kan abin da tun farko ya kamu.

Irin kasuwa ma da ka saya bara, ba wanda zai iya gaya maka daga wace gona ya fito. A buhu ɗaya ana iya haɗa na gonaki biyar. Hanyar da nake ba mutane shawara ita ce a zaɓi iri tun yana gona. A watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da cuta ke nuna kanta, ka je ka ga gonar da za ka sayi iri da idonka. In kore take shar, babu gurbin da ya mutu, ka yi ciniki tun a lokacin, ka kafa alama a wurin da kake so. In wannan lokacin ya wuce maka, ka nemi manomin da maƙwabtansa za su shaida gonarsa ba ta kamu ba, ko ka bi ta hannun malaman gona a haɗa ka da masu ninka iri mai tsabta. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa da ke Umudike ita ke da alhakin binciken citta a Nijeriya, kuma irin da aka tsabtace a ɗakin bincike aka ninka shi ne mafi aminci in ya samu.

Ga wata dabara da nake amfani da ita in na shiga gonar da ta kamu, kai ma ka tuna yadda taka ta yi bara. In cutar ta fara a gurbi ɗaya ko biyu, musamman inda ruwa ke kwanciya, sannan ta bi gangara, to daga ƙasa ta taso, ruwa ya ja ta. In kuwa tun da wuri ka ga gindi ɗaya nan, ɗaya can, a warwatse ko'ina har kan tudu, ga kuma gurabun da ba su tsiro ba sam, to da iri ta zo. A naka lamarin ina zargin duka biyun, tsohon fili da irin da ba a san asalinsa ba.

In ka samu iri, ka zauna ka tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi laushi, ya motse, ko ka gutsura ka ga cikinsa ya sauya launi, ka fitar. A gutsura shi giram 20 zuwa 30, kowane da ido ɗaya ko biyu masu kyau. In da wuƙa ake yi, a riƙa tsoma ta a ruwan bilic a kai a kai, don wuƙa ɗaya tana iya shafa wa buhu guda. Sannan a jiƙa irin a ruwan mankozeb, giram 3 a kowace lita, wato giram 600 a duro mai lita 200, na tsawon minti 30. A tsame a shanya a inuwa sa'a uku zuwa huɗu kafin a shuka. Manoman citta a Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman ta, sau biyu suke yin wannan, kafin a adana iri da kuma kafin a shuka. In ka samu wanda aka haɗa da metalaksil ya fi dacewa da irin cutar da ka bayyana, sai ka bi awon da ke jikin kwalin. Ka sa safar hannu, kada yara su yi wannan aikin, ragowar ruwan kuma kada a zubar kusa da rijiya ko rafi.

Ana kuma tsoma iri a ruwan zafi, digiri 51 na minti 10, don kashe nematod da rage abin da ke saman fata. Yana aiki, amma ba na ba da shawararsa ga wanda ba shi da ma'aunin zafi. In ruwan ya zarce kaɗan ka dafa idon, in bai kai ba ka yi aikin banza, kuma ba a yi wa irin da ya riga ya fara tsiro. Abin da nake so ka riƙe shi ne duk wankin nan fata yake tsabtacewa. Cutar da ta riga ta shige cikin cittar, ba jiƙon da zai fitar da ita.

Ƙasa, ruwa, da batun kurkum

Filin da ya kamu sau biyu ya huta da citta aƙalla shekara uku, in da hali har biyar. Ka sa masa masara, dawa ko acca. Kurkum kuwa ɗan gida ɗaya ne da citta, haka ma citta mai 'ya'ya, kuma Pythium ɗin da ke narkar da citta tana ruɓar da kurkum. Ya ɗan fi ta juriya, shi ya sa wasu ke ganin kamar ya tsira, amma ko bai mutu ba yana ciyar da cutar ta ci gaba da zama a filin. In kana son noman kurkum, sana'a ce mai kyau, ka ba shi sabon wuri. In gwajin kofi ya nuna bakteriya, to ka nisanta filin da tumatir, barkono, gauta da dankalin Turawa su ma.

Sabon filin ya kasance mai ɗan tudu, ƙasa mai saki wadda ruwa ke wucewa. Ka je ka duba shi bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, duk inda ka ga ruwa ya kwana, ba wurin citta ba ne. Kuma ka lura da abin da ke samansa. Na taɓa ganin wanda ya yi komai daidai, sabon fili, iri mai kyau, amma tsohuwar gonar da ta kamu tana bisansa, ruwanta a cikin tasa yake gangarowa. Kafin ƙarshen Agusta layin farko na gefen sama ya tafi. Rami ɗaya da zai karkatar da ruwan gefe da ya hana wannan.

Ka ɗaga kunya ko gado ya kai tsawon taƙi ɗaya ko fiye, ka bar hanyar ruwa tsakani, kuma hanyar ta kasance tana da mafita. Na san da yawa a yankinku a shimfiɗe suke shukawa su rufe da ciyawa, kuma shekaru da dama hakan bai cutar ba. Amma yanzu ƙasa ta riga ta ɗauki cuta, lissafin ya sauya. Rufi da ganye ko ciyawa yana da kyau, yana riƙe danshi lokacin tsiro, yana hana ruwan sama fallatsa ƙasa a ganye, sai dai kada a kwaso shi daga gonar da ta kamu, kuma in marka ta yi nauyi a ɗan janye shi daga gindi. Takin gargajiya ya zama wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji da yawan yuriya suna sa shuka ta yi taushi, cuta ta fi samun ta da sauƙi. Shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna a Afrilu ko farkon Mayu, tana ba cittar dama ta yi ƙwari kafin marka, domin ƙaramin tsiro ne Pythium ta fi kayarwa.

Akwai abubuwa biyu da nake so ka gwada a ɗan ƙaramin wuri, wanda za ka ware don irin baɗi kawai. Na farko gasa ƙasa da rana. A watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, ka gyara gadon, ka jiƙa shi sosai, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka danne gefuna da ƙasa kada iska ta shiga, ka bar shi kwana 40. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana rage ƙwayoyin cuta da nematod da 'ya'yan ciyawa a saman ƙasa. A hekta guda kuɗin leda zai yi yawa, amma a fili kaɗan na iri ya cancanta. Na biyu wata fumfuna ce mai amfani, Trichoderma, da ake sayar da ita kamar hoda, tana kama gindin shuka ta yi gogayya da masu cutarwa. Ana cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, in an samu da tunkuzar darbejiya, a zuba lokacin shuka. Rayayyen abu ne, don haka rana da zafin shago suna kashe shi, a duba kwanan wata, kuma ba a zuba shi rana ɗaya da maganin fungas. Taimako yake yi, ba ya maye gurbin iri mai kyau da magudanar ruwa.

In ta ɓulla a tsakiyar damina

Daga Yuli ka riƙa zagaya gonar kowane kwana biyu ko uku, da safe. Gindin farko da ka ga ya sauya, kada ka jira ka ga abin da zai zama. Ka haƙe shi da ƙasar da ke jikinsa, har da na kusa da shi ko da suna kore, ka zuba a buhu ka fitar daga gonar, ka ƙone ko ka binne da zurfi nesa da hanyar ruwa. Jefa shi a bakin kunya daidai yake da shuka cutar. Daga nan sai ka kwarara maganin a ƙasa, a ramin da gindayen da ke kewaye, har ya jiƙa inda cittar take. Ka cire bakin injin feshin, ko ka yi amfani da bokiti da gwangwani. Wannan shi ne inda metalaksil ke da amfani, wato ba gindaye masu lafiya da ke kusa kariya, amma wanda ya riga ya ruɓe ba ya dawowa. Wurin da ya kamu shi za a yi wa aiki a ƙarshe, a wanke fartanya da takalmi kafin a shiga wata gona. 'Yan ƙwadago da ke yawo daga gona zuwa gona da laka a ƙafa suna ɗaukar cutar ba da saninsu ba, kuma mai gona ne ya kamata ya tanadar musu ruwan wanki.

In shekara ta yi nisa, cittar ta riga ta yi 'ya'ya, cutar kuma tana gudu, wani lokaci abin da ya fi shi ne a haƙe da wuri a sayar ɗanya, a tsira da abin da ya samu.

Abin da ke shiga cikin mutane

Akwai abin da ya raba citta da auduga, misali, kuma ba na son mu manta da shi. Citta a shayi take ƙarewa, da kunu, da zoɓo, da yajin mai jego, da jiƙon wanda mura ta kama. Mai sayen ta sau da yawa magani yake nema. Saboda haka duk maganin da za ka zuba, ka karanta kwanakin da aka ce a bari tsakanin zubawa da girbi, ka duba lambar NAFDAC, kada ka ƙetare awo. Irin da aka jiƙa a magani in ya ragu, ba na ci ba ne, ba na kasuwa ba ne. Masu fitar da citta Turai kuma su sani Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da mankozeb da kabendazim a gonakinta, kuma ana auna ragowar magani a kayan da ke shiga.

Fumfuna ba ta ƙarewa a gona. Bayan an tsaga citta an shanya, in ta daɗe ba ta bushe ba, ko aka baza ta a ƙasa tsirara ko a gefen titi, ko aka ɗura ta a buhu da sauran danshi, wata fumfuna mai suna Aspergillus tana kama ta, ta bar dafin da ake kira afulatoksin. Dafin nan hanta yake ci, kuma tafasa ba ta kashe shi. Turai ba ta karɓar busasshiyar citta ko kurkum da jimillar dafin ya wuce kashi 10 cikin biliyan, abin da aka ƙi a can kuwa yana iya ƙarewa a kasuwanninmu. A shanya a kan tamfol ko dakali mai tsabta, a baza da faɗi, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa, sai ta bushe har in ka karya ta ce ƙas. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, nesa da bango. Cittar da ta fara ruɓewa a gona kada a tsaga a busar a cuɗa da mai kyau don a cika buhu. Na san halin da asara ke jefa mutum, amma wani ne zai sha.

Iyakar abin da zan iya daga nesa

Duk abin da na faɗa a kan taka gonar daga bayaninka na ɗauko shi, ban ga shukar ba. Alamun da ka lissafa sun fi kama da ruɓewa mai laushi, amma ido kaɗai, ko nawa ko na wani, ba ya raba cututtukan nan da tabbaci in sun haɗu a gindi ɗaya, sai ɗakin bincike. In ka sake ganin alama, ka yi gwajin kofi da kanka, sannan ka haƙo gindi biyu ko uku waɗanda suka fara ciwo amma ba su mutu ba, domin wanda ya narke ya riga ya cika da ƙwayoyin da suka zo daga baya. Ka haɗa da ganye, kara, cittar da ƙasar jikinta, ka ɗauko ɗaya mai lafiya daga gefe ka sa shi daban. A nannaɗe su a takarda ko kwali maimakon leda, don leda tana dafa su a hanya. Ka rubuta ranar shuka, inda ka sayi iri, da sunan duk maganin da ka zuba, ka miƙa wa malamin gona na ƙaramar hukumarku a ranar ko washegari, shi ya san yadda zai isar da su ga masu binciken cututtukan shuka a Samaru ta Zariya ko Umudike.